Ka Bar Shi Ya Sha Iska

Al Sadd, Doha
Lahadi, 4 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Habiba da duk mutanen gareji. Ya jikin kunnen? Tunda ka ce waya ba ta yi maka amfani yanzu, ga shi na zauna na rubuta da hannu, zan ɗauki hoton takardar in turo maka.

Kawu, wata mota ce ta sa ni a gaba. Ka san gidan da nake tuƙi na wani dattijo ne, Baba Abu Nasir, amma ɗansa Nasir shi ne kafil ɗina, shi ya sa hannu a takarduna. Motoci uku sababbi fil ke gidan, Baba kuwa ba ya shiga ko ɗaya. Tasa wata tsohuwar jif ce ƙirar tamanin da bakwai, silinda shida, mai kafireta, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Ajuza suke kiranta, wato tsohuwa. Duk Asabar a cikinta nake kai shi gonar raƙumansa da ke arewa, tafiyar awa guda.

Wata uku na farko ko tari ba ta yi mini ba. Yau mako uku ke nan da ta sauya hali. A cikin gari lafiyarta lau. Amma da na hau babban titin Shamal na wuce casa'in, sai mu yi kamar minti ashirin, sai in ji ƙarfinta yana zarewa, kamar wani ya riƙe ta ta baya. In taka totur har ƙasa, injin ya riƙa shaƙewa, allura tana sauka tana kallona. Sai na dawo sittin take yarda ta ja jiki. Baba yana baya yana cewa "yalla, yalla", wato in yi sauri, manyan motoci suna yi mana hon.

Sau biyu na kai ta wani gareji a Sana'iyya. Suka tayar da ita a tsaye, suka ba ta wuta har unguwar ta ɗauka, suka ce mafi mushkila, babu matsala. Yanzu Nasir wani irin kallo yake yi mini. Jiya ya tambaye ni ko da gaske na shekara tara ina tuƙi a Kano.

Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba, amma kai ba na ɓoye maka. A gidan akwai wani Dramani, mutumin Kumasi. Shekara goma sha tara shi ke tuƙa Ajuza, sai bara idonsa ya yi rauni aka ƙi sabunta masa lasisi. Baba bai sallame shi ba, ya mai da shi maigadi, ni kuma aka ɗauko ni a gurbinsa. Ɗakinsa bango ɗaya ne da rumfar motoci. Ranar da na zo, da hannun hagu ya miƙo mini makulli, bai ko kalle ni ba. Har yau in na wanke motar, sai ya zo ya zagaya ta yana shafa ta da yatsa.

Ban ce ya yi komai ba. Amma motar da ta shekara goma sha tara lafiya a hannun mutum, ta zo hannuna ta kwanta, shi kuma yana kwana kusa da ita, ai dole zuciya ta yi tambaya.

Ka taimake ni, Kawu. Aikin nan shi ne komai nawa. Ka gaida Inna.

Ɗanka,
Ghali

*

Ƙofar Ruwa, Kano
Talata, 6 ga Yuni

Ghali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunne kam ya yi ritaya, shekara arba'in yana sauraren injin, ya ce ya gaji. Innarka ta ce hakan ya fi mata, ko me ta faɗa ba na musu.

Na karanta takardarka sau biyu. Rabinta mota, rabinta maigadi. Wane ne ya shaƙe a titin, motar ko shi? Ni bakanike ne, mota ka kawo mini, ita zan duba.

Ka saurara. Injin da ke zaman silo a gareji ɗan abu kaɗan yake nema, shi ya sa mutanenka suka ce lafiya lau. Sai an ɗora masa gudu yake buɗe baki. A lokacin yana son iska da yawa, da mai da yawa, da wuta mai ƙarfi, kuma yana son hanyar da hayaƙi zai fita. Ɗaya daga cikinsu ne ya gaza. Ka fara da mai sauƙi. Cire filtar iska ka ɗaga ta ga rana, in haske bai ratsa ba, ta toshe. Ka sauya filtar mai ko da ta yi maka kyau a ido. Ka sa tafin hannu a bakin salansa wani ya taka totur, ka ji ko tana turo ka da ƙarfi. Sannan ranar da ta shaƙe, da ka dawo, ka kwance fulogi ka faɗa mini launin bakinsu. Launin nake so, ba ra'ayinka ba.

Yanzu ni ma bari in yi nawa zargin. Ka taɓa kafiretar nan? Na san hannunka ba ya zama. Ban manta ranar da ka ɗaure mini duk sukurorin kafiretar Alhaji Mudasiru tamau ba, wai ka ga sun saki. In ka taɓa wani abu ka faɗa mini tun yanzu, kada in yi ta lalube daga Kano.

Batun mutumin Kumasi kuwa, na zauna da su shekara bakwai ina koyon aiki a Magazin, unguwar makanikai ta can. Suna da zafin kai a kan sana'arsu, amma ban ga wanda ya cuci injin da ya raina ba. Kai fa, kana gaishe shi? Ka rubuta mini yadda ya miƙo makulli, ba ka rubuta yadda ka karɓa ba.

Kunnena ya tafi, naka zan ara. Duk abin da motar ta ce, ka rubuto, ko da ka ga shirme ne.

Kawunka,
Ja'afaru

*

Al Sadd, Doha
Lahadi, 11 ga Yuni

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Wallahi ban taɓa kafireta ba, kuma maganar Alhaji Mudasiru ai ta shekara goma sha biyar, ya kamata a yafe mini.

Duk na yi yadda ka ce. Filtar iska sabuwa ce, rana tana ratsa ta. Filtar mai na sha wuya kafin na samu irinta, sai a wani tsohon shago a Al Asmakh, na sa da hannuna. Salansa tana turo hannu sosai. Jiya Asabar muka hau hanya ina murna, minti ashirin ba su cika ba ta koma halinta. Da muka dawo na kwance fulogi. Bakinsu fari ne fat, kamar an shafa alli.

Amma ga abin da na gano. Da ta shaƙe jiya, na lallaɓa na shiga gidan mai, na buɗe tanki da kaina aka ƙara mana. Kawu, da muka fito sai ta tashi kamar sabuwa! Har ɗari da goma na kai. Kwata ɗin awa ta yi a haka, sannan ciwon ya dawo. To me wannan ke nufi in ba wani abu ake zuba mata a tanki ba? Sabon mai ya tsarma shi, daga baya ya sake tasowa daga ƙasa. Wani ɗan Sakkwato mai aikin tsaro a filin jirgi ya ce mini sukari ake sawa, ko ruwa.

Kuma ina da shaida. Akwai wata alama da nake yi wa murfin tanki. Sau uku ke nan ina tarar da an taɓa ta, duka ukun safiyar Asabar, bayan na tafi sallar Asuba. Shi Dramani a ɗakinsa yake salla wai saboda ƙofa. Kowane karo sai in sake alamata kafin mu tashi.

Ka tambaya ko ina gaishe shi. Ina yi masa sallama, ya amsa a ciki. Sau ɗaya ya taɓa yi mini doguwar magana, ita ma don ya kunyata ni ne. Asabar ɗin da ta biyo bayan fara ciwon, ina fitowa da baya, Baba yana zaune a kujerar baya, sai ya bubbuga gefen motar ya ce, "Kai, ɗan Kano! Ka bar shi ya sha iska." Wato ni ban iya kula da dattijo ba, sai ya koya mini a gabansa. Don kada a ce na yi gardama na sauke wa Baba gilashi, ana zafin arba'in da huɗu. Baba ya daka mini tsawa in rufe. Ta madubi na hango Dramani ya dafa ƙofa yana dariya har yana share ido.

Irin mutumin da kake karewa ke nan. Ni dai na fara sa ido. Ka gaida Inna da mutanen gida.

Ɗanka,
Ghali

*

Ƙofar Ruwa, Kano
Litinin, 12 ga Yuni

Ghali,

Salamu alaikum. Farin fulogi yunwa ce. Mai ba ya isa injin a lokacin da yake nema, wannan mun gama da shi. Saura mu san abin da ke hana shi zuwa.

Ɗan Sakkwatonka ya tsaya a kan gadinsa. Da ruwa ne a tanki, da a cikin gari ma tana yi maka tari, tun da safe. Da datti ne, da ka gan shi a tsohuwar filta. Gurɓataccen mai ba ya jiran minti ashirin kullum kamar mai agogo.

Abin da ya tsaya mini shi ne gidan man nan. Abu biyu ka yi a can: ka ƙara mai, ka kuma buɗe murfi. Kai ka riƙe na farko, ni na biyun nake kallo. Da ka murɗa murfin, me ka ji? Sannan wannan alamar taka da kake ta ambato, mece ce ita? Alli ne, zare ne, ko me? Kuma yaushe ka fara yin ta, kafin ciwon ko bayansa? Ka ƙirga kwanakin da kyau.

Kafin ka ba ni amsa in ba ka tawa, kada ka kai sunan kowa gaban kowa. Ka ji ni? Na san ka in zuciya ta ɗebe ka.

Kawunka,
Ja'afaru

*

Al Sadd, Doha
Lahadi, 18 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da shirun kwana shida. Gaskiya raina ne ya ɓaci, na ga kamar ni kake bincike ba motar ba. Yanzu dai magana ta ƙare, na kama shi.

Jiya ban je masallaci ba. Na yi salla a ɗaki, na laɓe bayan ɗaya daga cikin sababbin motocin. Gari yana fara haske sai ga shi ya fito yana waige-waige, ya nufi Ajuza, ya buɗe murfin tanki. Na ɗauke shi a waya tsaf, hannunsa a bakin tankin. Na ci gaba da laɓewa. Da ya koma na je na sake alamata, har na ninka ta.

Ban san abin da ya zuba ba wannan karon, amma ya fi na kullum. Mun makara da fita saboda baƙi, sai wajen sha ɗaya muka hau titi. Ba ta tsaya a shaƙewa ba, mutuwa ta yi gaba ɗaya, a inda babu ko inuwar falwaya. Na yi ta ba ta makulli ta ƙi. Babu sanyi a motar, Baba ya jiƙe sharkaf, leɓensa ya bushe, ya daina cewa yalla. Kawu, na tsorata. Na ɗauka a hannuna dattijon nan zai cika. Minti arba'in kafin Nasir ya iso ya wuce da shi asibiti. An ƙara masa ruwa, ya dawo gida da yamma, yana kwance.

Da Nasir ya dawo, a tsakar gida ya tsare ni. Ya ce khalas, wato an gama, in haɗa kayana. Sai na ciro waya na nuna masa. Ya kalla sau uku. Aka kira Dramani, aka nuna masa. Nasir yana ta faɗa da Larabci, Dramani kuwa ni kawai yake kallo. Da ya buɗe baki zai yi bayani, Nasir ya ɗaga masa hannu ya ce bai son jin komai, ya gode wa Allah da ba 'yan sanda aka kira ba. An karɓe makullin rumfa daga hannunsa. An yankar masa tikiti, Alhamis da safe zai tashi. Baba bai sani ba tukuna, an ce kada a tayar masa da hankali.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba, amma ai ba ni na aike shi ba.

Tambayoyinka kuwa, tunda ka nace. Alamar leda ce kawai, irin yadda muke yi a gida. Nakan shimfiɗa ta a bakin tanki in murɗa murfi a kai, in bar gefenta a wata lanƙwasa da ni kaɗai na sani. Na fara ne da zafi ya shigo a tsakiyar Mayu, don na ji warin fetur a bayan motar, da na duba sai na ga wani ɗan rami kamar na allura a tsakiyar murfin. Na ce man mutane ba zai riƙa tashi a iska a ce ni na sha ba. Ƙarar murfi kuma, in na buɗe yakan yi "fuuus", kamar yana zuƙar wani abu. Jiya ma da aka jawo ta gida na buɗe ya yi, har tankin ya yi ƙara kamar an saki gwangwani. Ban ga abin da wannan zai ƙara ba yanzu.

Ɗanka,
Ghali

*

Ƙofar Ruwa, Kano
Litinin, 19 ga Yuni

Ghali,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce kada ka kai sunan kowa.

Zauna ka karanta a hankali. In ka huda gwangwanin madara wuri ɗaya, ka san yadda take zuba da kyar, sai ka huda na biyu. Haka tanki yake. Duk man da famfo ya ja, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. A gari kaɗan-kaɗan ake ja, kuna tsayawa, ba ka gane komai. A babban titi ana ja da yawa ba hutu, in babu ta inda iska za ta shiga, sai tankin ya riƙe mansa, famfo ya ja ya gaji. Wannan "fuuus" ɗin da ka raina, tankin ne yake zuƙar iskar da ka hana shi.

Ramin allurar nan ba lalacewa ba ce. Mota mai irin waɗannan shekaru, ƙaramin bututun da tankinta ke shaƙar iska ta ciki ya daɗe da toshewa, wani wanda ya san ta ya huda murfin don ta rayu. Kai ka zo ka toshe da leda. Ranar Asabar kuma ka ninka.

Laifina yana ciki, ni na koya maka ledar. Amma a kan motocin da murfinsu ya lalace na koya maka, masu shaƙa ta wani wurin.

Yanzu koma kan maganar da ka ce ya kunyata ka da ita. Na karanta ta makon jiya na wuce, sai yau ta faɗo mini, har na buga tebur. Mutanen Zangon Kumasi da yawa ba sa raba mace da namiji a magana. Mota a bakinsu "shi" ce. Tukunya "shi". Maigidana a Kumasi matarsa ma "ya tafi kasuwa" yake ce mata. Da ya bubbuga motar ya ce ka bar shi ya sha iska, wane gefe ya bubbuga? Ba wajen tanki ba? Ba Baba yake nufi ba, Ghali. Ciwon motar ya faɗa maka tun mako na farko, kai kuma ka sauke gilashi.

Abin da ka ɗauka a waya, mutum ne yana cire ledarka kafin ku hau hanya da dattijon da ya yi wa aiki shekara goma sha tara. Ka sake kallo. Ka ga wani abu a hannunsa da ya zo da shi?

Kada ka yarda da ni. Cire ledar, ka rufe da murfin kawai, ka hau titin ka ba ta wuta. Sannan ka san inda za ka nufa daga nan. Alhamis gata ce.

Ja'afaru

*

Al Sadd, Doha
Talata, 20 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Na cire. Na je har Al Khor na dawo a ɗari da ashirin, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Na tsaya a gefen titi na sake kallon hoton. Hannu biyu ya zo da su babu komai. Da zai tafi ne ya cusa wani farin abu a aljihu.

Amma Kawu, abin ya juye. Da na dawo Nasir ya ce in ɗauke shi ya gani da idonsa. Muka je muka dawo tana gudu kamar iska. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Kwana uku da hana shi zuwa rumfa, ta warke." Ya ce ni zain ne, mutumin kirki, na ceci babansa. Na bar shi a kan haka, na mayar da motar rumfa.

Ka duba mini. In na faɗa, ba leda kawai zan amsa ba. Ni na kusa kashe Baba a titi, ni kuma na ɗora wa wani. Nasir ba mai jin "kuskure ne" ba ne, na ga yadda ya hana Dramani ko buɗe baki. Wata huɗu kacal na yi a ƙasar nan. Matata Safiyyatu ta haihu bayan tahowata, yarinyar a waya kawai na san ta. In dawo in ce musu me?

Kuma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. In da gaske ya san ciwon, me ya hana shi kama hannuna ya nuna mini amfanin ramin? Ya ga na sauke gilashi, ya san ban gane ba, ya yi dariya. Mako biyar yana kallona ina zarya gareji. Mai son ka da alheri haka yake yi? Ni ban yi ƙarya ba, abin da na gani na nuna.

Ɗazu na wuce ƙofar ɗakinsa, yana ɗaure kwalaye da igiya. Hoton 'ya'yansa mata uku ne kawai ya rage a bango. Ya kira ni, ya ciro makullin Ajuza na ajiya daga wuyansa ya ba ni. Da hannun dama. Na karɓa, ya koma kan kwalayensa.

Ka faɗa mini abin da zan yi.

Ɗanka,
Ghali

*

Ƙofar Ruwa, Kano
Talata da yamma

Ghali,

Mota ta warke, aikina ya ƙare. Wanda ya rage ba na bakanike ba ne, kuma ba don ba ka san amsa ba ka tambaye ni.

In ka dawo babu aiki, bencinka yana nan a gareji, Safiyyatu da jaririya ba za su kwana da yunwa ba ina raye. In ka zauna a kan wannan, ka ci gaba da gaishe ni, zan amsa, amma kada ka sake kawo mini maganar mota.

Nasir ba ya jin magana, ka ce. To yana gani. Ina fatan ba ka yar da ledar ba.

Kawunka

*

Doha
Laraba, 21 ga Yuni

Zuwa ga Malam Ja'afaru,

Salamu alaikum, Maigida. Ni ne Dramani. Ɗanka ya ba ni lambarka, ya ce shi hannunsa ba zai iya rubutu yau ba. Ka yi haƙuri da Hausana, an ce ka zauna da mu, ka san shi.

Yau da safe ya mayar da leda a tanki a gaban Nasir, ya roƙe shi su hau titi. Mota ya shaƙe. Ya tsaya, ya ba Nasir murfi ya ce ya buɗe da hannunsa ya saurara. Suka dawo babu leda, mota yana gudu. A tsakar gida, inda aka tsayar da ni, nan ya tsaya ya faɗi komai, mai dafa abinci ma yana ji. An soke tikitina. An yanki wani na gobe, da sunan Ghali.

Ya ce ka ce ba ka ga ɗan Kumasi da ya cuci injin ba. Injin kam ban cuta ba. Amma ni na huda murfin nan da hannuna, na san ciwon tun ranar farko. Sau ɗaya na faɗa masa, na ga bai gane ba, na ji daɗi. Na so ya sha wuya kaɗan, Baba ya tuna da ni. Har ranar da aka kama ni ban so in yi bayani a gaban yaro ba. Da na kama hannunsa na nuna masa, da Baba bai kwanta a titi ba. Wannan Nasir bai sani ba.

Baba ya tashi, bayan La'asar zai zauna a majalisa. Zan shiga in faɗa masa nawa laifin, in roƙe shi ya bar Ghali, ko me zai biyo baya. In ka ga Ghali a Kano ranar Juma'a, maganata bai shiga ba, ka karɓe shi da kyau, ba abin kunya ya kawo maka ba. In ba ka gan shi ba, ka yi mana addu'a mu biyu.

An kira salla. Mota dai yana shan iska.

Naka,
Dramani